Daga Madugu Zuwa Jami'ar Sufuri: Ina Rabon Ƙaraye da Rogo?

A ranar 2 ga Disamba, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin ginin Jami'ar Sufuri a Daura ta jihar Katsina. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin, wanda ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna, shi ya ɗauki nauyin ginin a matsayin kyauta, a kan kuɗin da aka ce sun kai dala miliyan 50. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya kusan duk a kan wuri ya tsaya: don me sai Daura, mahaifar shugaban ƙasa? Masu wannan tambaya suna da hujjarsu. Sai dai ƙurar da suka tayar ta rufe wata tambayar da ta fi nauyi: me ake koyarwa a jami'ar sufuri, kuma me ya sa ƙasar da jirgin ƙasa ya shiga cikinta fiye da shekara ɗari da suka wuce sai yanzu take gina irin wannan makaranta?

Zan leƙa wannan tarihi ne daga Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin jihar Kano, waɗanda su ne masarautar Ƙaraye a tsarin da aka yi a 2024. Dalilina shi ne, idan mai karatu ya buɗe taswira a wayarsa zai ga layin dogon Zariya zuwa Kano ya wuce ta gabas da su, na Zariya zuwa Funtuwa kuma ya wuce ta yamma. Garuruwan biyu suna tsakiya, jirgi na wucewa dama da hagu, babu wanda ya tsaya musu. Wani ne ya ja waɗannan layuka, da ilmi ya ja su, kuma da manufa. Tarihin karatun sufuri, a taƙaice, tarihi ne na wanda aka bai wa alƙalamin jan layi.

Makarantar madugu

Kafin Turawa su zo, Hausawa suna da ilmin sufuri, ko da yake babu aji babu takardar shaida. Ayarin fatake da ke tashi daga ƙasar Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Nikki da Jugu da Yendi kafin ya sauka a Salaga, a arewacin Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci ya kai shekara. Ana tafiya da kanwa da tufafi da fatu, a dawo da goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro.

Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu uban tafiya, wanda ke yanke shawarar hanyar da za a bi, ya kuma yi ciniki da sarakunan kan hanya a kan kuɗin fito. Akwai jagaba da ke shiga gaba don ya san halin da hanya take ciki. Akwai uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya, akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Dole madugu ya san nisan da jaki mai kaya zai iya yi a yini, da zangon da ke da ruwa da rani, da lokacin da kogi ke cika. Goro kuwa ba ya son wasa: sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa ruwa, ana kwance huhu ana tsince wanda ya fara lalacewa don kada ya shafi sauran. Abin da jami'o'i ke kira sarrafa kaya masu saurin lalacewa a yau, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi shi ƙarni guda cur suna cin riba.

Ita ma Ƙaraye hanya ce ta ba ta matsayinta a da. Tarihin Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17, wanda ya koma Ƙaraye da zama yana kai wa ƙasar Katsina hare-hare daga can, har ƙarfinsa ya sa aka tsorata aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. Ba a ajiye irin wannan mayaƙi a lungu. Ana ajiye shi ne a bakin ƙofa, inda hanya ta ratsa.

Zamanin diga

A 1907 Ingila ta turo Percy Girouard ya mulki Arewa. Injiniyan layin dogo ne, shi ya shimfiɗa wa sojojin Kitchener layi a hamadar Sudan. Aikin da ya zo yi a bayyane yake: layi daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, mil 356. An fara a shekarar da ya zo, layi ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, shekarar da aka haɗe shi da layin Legas ya zama hukuma ɗaya.

Rabon aikin shi ne abin lura. Awo da zane da lissafin gada na Turawa ne. Haƙa da ɗaukar ƙasa a ka na talakawa ne, waɗanda ake tarawa ta hannun sarakuna da hakimai ana turawa ko suna so ko ba sa so. Wannan ne aikin diga, wanda ya girgiza mutane har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya rubuta Waƙar Diga a kansa. Kakanninmu sun gina layin da hannunsu, amma ba a nuna musu dalilin da ya sa ya karkata nan bai karkata can ba.

Dalilin kuwa ɗaya ne: yadda za a kai amfanin gona bakin teku da mafi ƙarancin kuɗi. Auduga Turawa suka sa rai don masaƙun Lankasha. Manoman Kano da fatake suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, suka cika tashar Kano da ita tun daga kakar 1912. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji, wanda ya taso cikin fataucin goro a Gwanja, yana cikin waɗanda suka gane cewa kiɗa ya sauya. Ya koma sayen gyaɗa, ya zama attajirin da babu kamarsa a zamaninsa. Hanyar Sahara ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus kuwa ta durƙushe, goro ma ya koma shigowa ta Legas a cikin tarago.

Layin ya ci gaba da miƙewa: Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ta Funtuwa da Gusau a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Duk inda aka kafa tasha sai gari ya tashi. Funtuwa ta samu tasha da injin gurzar auduga, ta bunƙasa. Garuruwa irin Ƙaraye da Rogo suka zama masu kai kaya tashar wasu, da jaki da farko, daga baya da mota. Ƙasarsu ba ta rage albarka ba, layi ne kawai ya bi ta wani wuri.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba game da dalar gyaɗa. Muna sa hotonta a matsayin alamar arziki, kuma haka ne, dala ɗaya kan ɗauki buhu kusan 15,000. Amma wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne jirgi ya kasa kwashe gyaɗar da sauri, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Buhunan suna jiran layi ne, kamar fasinja a tasha. Mai ilmin sufuri idan ya kalli wannan hoto yakan ga arziki, ya kuma ga cunkoso.

Makarantun Zariya

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, a shekarun da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke riƙe da ma'aikatar sufuri. A 1964 jiragenta sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan aka fara gangarowa. Kuɗi suka koma kan titunan mota, tirela ta karɓe kaya, layi ya tsufa ba a sabunta shi ba. A 1979 sai da aka ɗauko kamfanin RITES daga Indiya ya riƙe hukumar har zuwa 1982. A 1995, zamanin Janar Sani Abacha, aka bai wa CCECC kwangilar gyara. Kowane karo daga waje ake kiran mai gyara, ya gama ya tafi da iliminsa.

Ba wai an zauna babu makaranta ba ne. Zariya, mahaɗar layuka, ita ta zama gidan karatun sufuri a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta gaji sashen injiniya ta kuma yaye injiniyoyin hanya da gada masu yawa. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙi da gyaran jirgin sama a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1986 aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, wadda aka fi sani da NITT, ita ma a Zariya, don horar da ma'aikatan da ke cikin harkar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da matashi zai shiga daga sakandare ya fito injiniyan layin dogo. Hakan bai zo da mamaki ba: wa zai karanci sana'ar da ma'aikatarta ke sallamar mutane?

Darasin masu kyautar

Jami'ar sufuri tsohuwar dabara ce a duniya. Faransa ta buɗe makarantar injiniyoyin gada da hanya a 1747. Rasha ta buɗe tata a birnin San Fitasbag a 1809. Amma labarin da ya fi kusa da namu shi ne na Sin, ƙasar da ta gina mana ta Daura.

A ƙarshen ƙarni na 19 Sin tana cikin halin da muka sani. Turawa ke zana mata layin dogo, su ba ta rance, su riƙe ragamar aiki. A 1896 aka buɗe makarantar layin dogo a Shanhaiguan, wadda daga baya ta koma Tangshan, a yau kuma ita ce Jami'ar Jiaotong ta Kudu maso Yamma da ke Chengdu. A shekarar ne kuma aka buɗe makarantar Nanyang a Shanghai, uwar wasu jami'o'in masu wannan suna. Kalmar Jiaotong ɗin ma ma'anarta sufuri da zirga-zirga. Tsakanin 1905 da 1909 wani injiniya ɗan ƙasar, Zhan Tianyou, ya jagoranci shimfiɗa layi daga Beijing zuwa Zhangjiakou ta cikin duwatsu ba tare da injiniyoyin waje ba, alhali Turawa sun yi ta shakkar hakan zai yiwu. Mao Yisheng, wanda ya fito daga makarantar Tangshan, shi ya zana gadar kogin Qiantang da aka gama a 1937. Zuwa 1970 Sinawa ne ke shimfiɗa wa Tanzaniya da Zambiya layi mai tsawon kilomita 1,860, kuma daga ofishin da ya kula da irin waɗannan ayyuka ne CCECC ya fito a 1979. Yau layukan jirgi mai gudun gaske a Sin sun haura kilomita 40,000.

Sinawa sun buɗe makarantunsu ne don su daina kiran baƙo. Mu kuma baƙon ne ya gina mana makarantar. Wannan ba abin kunya ba ne, kyauta ce kuma an gode. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Ginin kyauta ne, abin da zai fito daga cikinsa kuwa babu mai ba mu shi kyauta.

Abin da ake karantawa a Daura

Rotimi Amaechi ne ministan sufuri lokacin da aka ƙulla maganar jami'ar, tare da masana'antar haɗa taragu a Kajola ta jihar Ogun, da tura ɗalibai 'yan Najeriya karatun layin dogo a jami'o'in Sin. Buhari ya sa hannu a dokar kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a 2023 kafin ya sauka, aka naɗa Farfesa Umar Adam Katsayal shugabanta na farko, ɗaliban farko kuma suka shiga a zangon karatu na 2023/2024.

Karatun ya kasu gida biyu manya. Akwai ɓangaren injiniya: na gine-gine, na lantarki, na injuna, na layin dogo da na manyan tituna. Akwai ɓangaren gudanarwa: harkar jiragen sama, harkar jiragen ruwa da tashoshinsu, gudanar da jirgin ƙasa, da tsara tafiyar kaya daga inda aka samar da su zuwa hannun mai saye.

Ga wanda bai sani ba, waɗannan ba sunaye ne kawai ba. Injiniyan layin dogo yana koyon yadda ƙasa ke ɗaukar nauyi, da irin tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layi, da iyakar kwanar da jirgi zai sha a kan wani gudu, da yadda ƙarfe ke miƙewa a zafin watan Afrilu. Yana koyon dalilin da ya sa jirgin sabon layi ba zai hau tsohon ba: faɗin tsohon layin Turawa milimita 1,067 ne, na sabo irin na Abuja zuwa Kaduna 1,435. Mai karatun gudanarwa kuma yana koyon tsara jadawali, da lissafin kuɗin ɗaukar tan guda a kilomita guda, da yadda za a hana tarago dawowa fanko. Aikin madugu ne, an mayar da shi lissafi.

Wurin ma yana da nasa amfanin. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ya fara a 2021, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Ɗalibi zai iya fita daga aji ya taka layin da ƙafarsa.

Tambayar da ake bai wa na'ura

A sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wadda ita nake yi, akwai wata dabara da kowane ɗalibi ke koya, ta gano hanya mafi sauƙi tsakanin wurare biyu. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa ta a 1959, kuma jikokinta ne ke aiki a taswirar wayarka idan ta nuna maka inda za ka bi. Dabarar ba ta kuskure, amma ba ta zaɓen abin da za ta auna. Kai za ka faɗa mata ma'anar sauƙi. Ka ce ta auna kuɗin kai auduga bakin teku, za ta zana maka layin Girouard. Ka ce ta auna mintocin da mai naƙuda za ta ɗauka daga wani ƙauyen Rogo zuwa asibiti a watan Agusta, wata taswirar daban za ta fito. Lissafin ɗaya ne, mai tambayar ne ya bambanta.

Shi ya sa nake ganin ba a layin Maraɗi kaɗai za a auna jami'ar Daura ba. Sabon layin Kaduna zuwa Kano ta Zariya zai bi, na Maraɗi ya yi arewa. Ƙaraye da Rogo har yanzu suna tsakiya, kuma babu wani mai hankali da zai ce a kai wa kowane gari jirgi. Abin da suke buƙata shi ne 'yan kilomitocin farko, daga gona zuwa kwalta. Madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 tana cikin Ƙaraye, ana noman rani a kewayenta. Rogo na fitar da masara da dawa da rake. Dawanau na jira, tashar tsandauri ta Dala da ke Kano da ta Funtuwa suna jira. Amma buhun masara yakan fara tafiyarsa ne a bayan babur ko a a-kori-kura, a kan hanyar burjin da kwalbati ɗaya idan ruwa ya tafi da shi sai ƙauye ya yanke. Kwandon tumatir da ya kwana a hanya ya riga ya yi asarar da babu jirgin da zai mayar masa.

Kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin Najeriya na ƙananan hukumomi ne, kuma su ne suka fi rashin mai kula. A 1986, shekarar da aka kafa NITT, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI ta buɗe hanyoyin karkara da dama. Damina kaɗan suka cinye da yawansu, domin an yi hanya ba a tanadi mai gyara ba. Masu manhaja sun san wannan ciwo: ranar ƙaddamarwa kwana ɗaya ce, kula da abin da aka ƙaddamar shi ke cin shekaru da kuɗi, kuma babu mai yanka kyalle don an yashe magudanar ruwa.

Don haka akwai abubuwan da ya kamata mu riƙa tambayar wannan jami'a. Ɗalibi nawa ne aikinsu na kammala karatu ya kasance a kan hanyar karkara ta gaske, da awon ƙasa da lissafin ruwan da kwalbati zai ɗauka? Wa ke ƙidaya motocin da ke fita daga kasuwannin ƙauye ranar kasuwa, da kayan da suka ɗauka, da kuɗin da aka biya? Direbobi da 'yan kamasho a tasha suna riƙe da wannan sani a ka, kamar yadda madugu ya riƙe nasa, kuma idan ba a rubuta shi ba haka zai tafi da su. Sannan idan aka zo sabunta layin Abuja zuwa Kaduna nan da shekara ashirin, sa hannun wa za a gani a ƙasan zanen?

Sauran aikin namu ne. Digirin injiniya shekara biyar ne, kuma ba a shiga sai da lissafi da fizis da kimiyyar sinadarai tun daga sakandare. Yaron da ke aji ɗaya na babbar sakandare a Ƙaraye ko Rogo yau, idan makarantarsu ba ta da malamin lissafi, an riga an ja layi an bar shi a gefe tun kafin ya san akwai jami'a a Daura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da tsofaffin ɗalibai, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu za su iya farawa daga nan: a nemo malaman kimiyya, a saya wa yara fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, a ɗauki nauyin mutum biyu ko uku kowace shekara, maza da mata, su je su karanto hanya da gada.

A 1911 mutanen wannan ƙasa sun ɗauki kwandon ƙasa a ka, wani yana riƙe da taswira. Zuwa 2028, idan Allah ya kai mu, rukunin farko na injiniyoyin Daura zai fito. Ya kamata a samu ɗan Rogo ko 'yar Ƙaraye a sahun da ke biye da su, wanda ya san inda rafi ke cin hanya da damina tun kafin ya buɗe taswira.